Ba A Shiga, Yaya Yana Hutawa

…kuma ba zan tashi ba. Su yi ta kallona. Kujerar roba ce, ƙafarta ɗaya ma ta fara tsagewa, amma a bakin ƙofar ɗakin Yaya na dasa ta, nan za ta zauna, ni ma nan zan zauna. Mai son shiga sai dai ya bi ta kaina.

Falo ya cika maƙil. Takalma har tsakar gida — na manya, na yara, wani a kife. Fanka tana ta juyawa, zafi kawai take rabawa. Wai an zo duba Yaya. Duba! Mutum yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, likita ya sallamo shi da sharaɗi ɗaya tak: ya huta. Ya huta. Da wani yare aka faɗa ne?

Na faɗa da safe a gaban kowa, kuma ko yanzu aka tambaye ni zan maimaita: yawancin masu zuwa dubiya ba don mara lafiya suke zuwa ba. Don a ce sun zo ne. Don kada gobe a ce ba a ga ƙeyarsu ba. Sai aka hau harara ta kamar na zagi uwar wani. Gwaggo ta dire kofin shayinta. "Ke Reza, ki ji tsoron Allah." Ina ji, Gwaggo. Tsoronsa ne ya zaunar da ni a nan.

Reza… Ke kika laƙa mini sunan nan, Inna, Allah ya jiƙanki, wai harshena yanka yake. Ina 'yar firamare, aka miƙo mini jaririn maƙwabta, aka ce kin ga kyakkyawa? Na leƙa, na ce ni dai ban ga kyan ba tukuna. Kika finciko ni, kika murɗe mini kunne har gida. Amma na jiyo ki daga baya a kicin, ke kaɗai, kina dariya har da tari. To ƙarya na yi? Sabon jariri ba shi da kyau. Nawa ma da na haifa, jajaye, a yamutse kamar tsofaffi. Son su ake yi, shi ke nan, ba sai an haɗa da ƙarya ba.

Ga Kawu nan. Sanda a hannu, wata kwalba a aljihu, na hango murfinta. Wani jiƙo ne, na sani, wanda ya warkar da wani mutum da babu wanda ya taɓa gani.

"Matsa in wuce. Ni na goyi yaron nan."

"Yana hutawa, Kawu. Sannu da zuwa."

Na durƙusa na gaishe shi, har ƙasa, amma kujerar ba ta motsa ba. Ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya yi ƙwafa, ya juya. Gobe dangi kaf za su ji cewa na kore shi da tsintsiya. Su ji.

Tsufa ba ilimi ba ne. Wannan ma na taɓa faɗa, a ofishin malamai, shugaban makaranta yana zaune, kuma tun ranar ba a sake saka ni a kwamitin komai ba. Na huta. Ina girmama furfura, wallahi ina girmama ta, zan ba ta kujera, zan ɗaukar mata kaya — amma ba zan bari ta ɗura wa yayana abin da ban san me aka jiƙa a ciki ba. Shekara nawa ina koyar da lissafi? Wani uba ya taɓa zuwa ya tsaya mini a ƙofar aji, wai ɗansa likita zai zama. Yaron da hannunsa yake gyara rediyon da ya mutu tun kafin a haife shi, amma in ya ga jini sai ya sume. Na ce Alhaji, ɗanka ba zai zama likita ba, kuma ba abin kuka ba ne. Ya kai ƙarata. Wai ba ni da ladabi. Ladabi… wato in yi murmushi in bar yaro ya yi ta dukan bango da kai.

Wayar wata tana ta ƙara a falo. Waya…

A asibiti ne. Mutane sun kewaye gadon kamar an zo kallon wasa. Yaya a kwance, miyau yana bin gefen bakinsa, sai na ga zanen gadon yana yin duhu a ƙarƙashinsa, jiƙar tana faɗaɗa a hankali. Kowa ya gani. Kowa ya yi kamar bai gani ba. Kuma babu wanda ya fita — ko mutum ɗaya! Ɗan Gwaggo ma ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Kafin in isa gida hoton ya zaga wayoyin dangi, an rubuta Allah ya ba shi lafiya a ƙasa, kowa yana amin, amin. Yaya fa. Direban babbar bas da ba ya fita sai ya goge takalminsa har ya ga fuskarsa a ciki. Mutumin da fasinja ke sanin ya shigo mota tun kafin su gan shi, saboda turare. Shi ne a wayar kowa da baki a karkace.

Idonsa na hagu ya same ni ranar. Bai iya cewa komai ba. Ba sai ya ce ba.

To wa ya fi rashin tausayi, ni ko masu amin?

Na san gadon nan. Na kwanta a irinsa. Lokacin da aka yi mini aiki a ciki, ɗinki ɗanye, ko tari ba na iyawa. Mata suka cika ɗakin, wata ta zauna a bakin gadon har katifa ta lotsa ta ja mini ɗinkin. Fitsari ya matse ni. Ga tasar a ƙarƙashin gado, ina ganin gefenta, amma yaya zan ce a miƙo mini a gaban surukata da ƙawayenta? Na riƙe. Suna labarin wata da aka yi wa irin aikina ba ta tashi ba. Na riƙe, gumi yana keto mini, ina murmushi, ina na gode, na gode, Allah ya bar zumunci. Zumunci! A raina kuwa roƙo nake, ya Allah ka kawo nas mai masifa ta kore su. Ba ta zo ba. To yau ni ce nas mai masifar.

Matar Yaya ta fito daga kicin da tire, idanunta sun kumbura, zanenta duk ruwa. Tun safe take kan wuta. Mijinta ne a kwance, ita ce ba ta runtsa ba, kuma ita ce ke dafa wa lafiyayyu abinci. Wani ma na ji shi yana tambayar ko akwai ƙari. Wannan ma ra'ayina ne, a rubuta a ajiye: wanda ya zo gidan mara lafiya ya ci ya ƙoshi, ba dubiya ya zo ba.

Ta raɓo kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, don Allah… ana ta magana fa. Ki yi haƙuri ki bar ko Gwaggo ta leƙa."

Ki yi haƙuri. Kullum wanda aka taka ake ce wa ya yi haƙuri, ban taɓa jin an ce wa mai takawar ya ɗaga ƙafa ba. Ba na jin haushinta, baiwar Allah. Ni zan koma gidana, ita za ta zauna da su. Shi ya sa ma na ɗauke mata. A zage ni. Fatata ta saba. Ta ce musu ƙanwar mijinta ce ta hana, kun dai san halinta — kowa zai gyaɗa kai, a tausaya mata. Kowane gida yana bukatar mutum ɗaya da za a riƙa jin haushi, in ba haka ba babu abin da zai gyaru.

Ba na cewa ina da daɗin zama. Ban taɓa cewa ba. Baban yara ma yakan ce, ke dai ko gaisuwa aka yi miki sai kin duba ko daidai ne. To ina laifi? A tsaya a titi, ina gajiya, ina aiki, ina yara, ina gida, kowa lafiya lau, lafiya lau, alhali mutum yana tafe da takardar asibiti a jaka. Tambaya goma, ba a son amsar ko ɗaya.

Wasu kuma. Maza ne, daga tasha. Na gane Dogo, abokin Yaya tun suna karen mota, ga wani gajere da suke kira Birki, ga wasu ban san su ba. Warin man inji ya riga su shigowa. Na gyara zama, na shirya bakina.

"Ba a shiga, Yaya yana hutawa."

Dogo ya cire hula ya shafa kai. "Ba komai, Malama. Gaskiyarki. Ki dai ce masa mun zo."

Shi ke nan? Ba gardama? Har na ji wani iri, kamar na ɗaga ƙafa zan taka matakala ashe babu. Sun fita. Amma ba su tafi ba — ina jin su, sun ja benci sun zauna a gefen gida, jikin bango. Ga muryar Birki nan tana tashi. Ga dariya. Dariya, a gidan mara lafiya! Bari in ba Yaya maganinsa, in fito in sallame su su ma.

Ɗakin da duhu-duhu. Ni na saki labule, ni na rufe taga, ni na kashe rediyo. Shiru, tsaf, sai warin magani da man shafawa. Haka ɗakin mara lafiya ya kamata ya zama. Haka na so nawa ya zama.

Ba barci yake ba. Idonsa biyu. Kansa ya juya wajen bango, wajen da muryoyin suke shigowa. Birki yana ba da labarin wani fasinja da ya shiga mota da akuya ya ce matarsa ce ba ta da lafiya — tsohon labari, na ji shi a bakin Yaya har na gaji. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana bubbuga katifa. Gefen bakinsa da ke motsi ya ɗaga sama. Ƙirjinsa yana rawa. Na matso da sauri, na ɗauka shaƙewa ya yi…

Dariya yake.

Tun da ya faɗi ban ga haƙoransa ba sai yanzu.

Yaya… mutumin da ba ya iya cin abinci shi kaɗai, sai ya leƙa titi ya kamo wani. Muna yara, ni in kulle kaina a ɗaki da littafi, shi ya kwaso yaran layi kaf ya zube miki su a tsakar gida, Inna, kina faɗa yana dariya. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ni shiru ne maganina, shi kuwa —

A'a. Ina da gaskiya. Likita ya faɗa. Hoton nan ba mafarki na yi ba, jiƙar zanen nan ba ƙirƙira na yi ba. Na tambayi likita, na gaya wa matar Yaya, na gaya wa Gwaggo, na gaya wa Kawu, na gaya wa duk wanda ya cire takalmi a gidan nan. Shi fa? Na tambaye shi? Mutum ne da ba ya iya magana, me zan tambaya… Kallon da ya yi mini a asibiti, na ce cewa yake ki kore su. Ni na fassara. Da wa na duba amsar?

Ya ganni. Dariyar ta tsaya. Yana ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, miyau ya taru. Na goge masa. Ya ture hannuna, a hankali, ba da faɗa ba.

"Bu… buɗe."

Ƙwayar maganin tana tafin hannuna, ta fara narkewa da gumi. Taga tana nan, taku biyu. Ƙofa tana bayana, bayanta kuma Gwaggo, da Kawu da kwalbarsa, da ɗan Gwaggo da wayarsa, duk suna jira su ga Reza ta dakushe.

Buɗe me, Yaya? Taga kake nufi, ko?

Yana kallona. Ba taga yake kallo ba.

Inna… Bari in ɗan zauna a bakin gadon nan tukuna…