Jan Romo a Teburin Baba

Duk ranar tunawa da rasuwar Baba, ni ke dafa jampon, wato taliya cikin jan romon kayan teku, a gidan yayana Cun-be a birnin Gunsan. Shi ne babba, shi ke shirya teburin mamaci, ya kunna turare, ya bar ƙofa a buɗe don Baba ya shigo ya ci. Ni a jirgin ruwa na girma, ban san ƙa'idojin ba, abin da ya ce shi nake yi. Kullum kuwa maganarsa ɗaya ce: "Man-sik, cika barkono. Haka tsohon yake so."

Bana Gwaggo Mal-sun, ƙanwar Baba, ta zo daga ƙauye a karo na farko. Ta same ni a kicin da yamma. Na soya albasa da kabeji har gefensu ya soma ƙuna, jatan lande da ƙaguwa na jira a faranti, romon kaza na tafasa. Na ɗebo garin barkono zan zuba a mai, sai ta riƙe mini hannu.

"Kai, na wa ne wannan?"

"Na Baba ne, Gwaggo."

"Da barkono? Teku ta wanke maka ƙwaƙwalwa ne? Jan barkono korar mamaci yake yi. Ko ƙofar ba zai tako ba!"

Na ce Yaya ne ya ce in riƙa sawa. Ta saki hannuna.

Na iske Yaya a falo yana jera lemo a kan teburin.

"Yaya, ka sani?"

Bai ɗago ba. "Matacce na cin taliya ne? Kai ma dai da shirme."

"In ba ya ci, me ya sa kake cewa in cika?"

Ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mini tsohon tabon ƙuna a damtsensa. Na san tabon tun ina ƙarami, amma an ce mini faɗuwa ya yi kan murhu.

"Baba ne, da ludayin da ya fito daga tafasasshen mai," in ji shi. "Don na ƙona albasa. Kai kana goye a lokacin. Teburi dole ne, mutane na kallo. Amma ba zai ci abinci a gidana ba."

"Shi ne ka kore shi da hannuna? Shekara da shekaru ina zuwa kasuwa ina zaɓar masa ƙaguwa mai rai."

"Da na faɗa maka, da ka yarda?"

Abin da na sani shi ne duk shekara yana tsaye a bayana ina sunkuya wa Baba, ya san babu kowa a wurin, ya bar ni.

Na koma kicin na mayar da barkonon cikin kwalba. Na zuba kayan teku a kasko, na bi su da romo, ya fito fari tas. Na kwarara shi kan taliya, na kai teburin, na ajiye gaban hoton Baba.

Cun-be ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya ɗauki rigar sanyinsa.

"To, ka shigo da shi. Ku ci lafiya."

Ya fita ta ƙofar da aka bar wa Baba a buɗe. Gwaggo ta ce in sunkuya kafin abincin ya huce. Na tsaya ina kallon taliyar tana kumbura cikin farin romo.