Don a Ga Bakin Malama

Malamar da ke koya wa Gimbiya magana ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ranar Talata, ana tsakiyar darasi ta kiran bidiyo, ta dakata ta ce, "Maman Gimbiya, gaskiya wahalar da yarinyar nan muke yi. Bakina a wayarki bai fi ƙwayar wake ba, ita kuwa da ido take ji fiye da kunne. Ki nemo abu mai faɗin fuska, ta ga leɓena, ni ma in ga nata. In hakan bai samu ba, sai dai in mayar da ku layin asibiti."

Maman Gimbiya ta san wannan layin. Wata bakwai suka yi a cikinsa kafin a ba su malamar, ga asibitin sai an shiga mota biyu. Gimbiya shekararta huɗu da rabi, tana da na'urar ji a kunnuwa biyu, kalmomin da take iya faɗa ba su cika ashirin ba, kuma kowacce uwar ta san ranar da ta fito. Kuɗin da ke hannunta na sayen kwamfuta ɗaya ne, sau ɗaya. In ta yi kuskure, babu na gyara.

Ta faɗa wa mijinta, shi kuma bakinsa bai tsaya ko'ina ba sai kunnen ƙaninsa.

Injiniya ake ce wa ƙanin. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi sunan. Yana yaro ya kwance rediyon mahaifiyarsu ya mayar, sukurori uku suka rage a tabarma, rediyon bai ƙara tari ba. Duk da haka sunan ya bi shi, har yau dangi ba sa sayen ko tocila sai sun ji ta bakinsa.

Ranar Asabar da hantsi ya iso da jaka a baya kamar mai barin gari. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya sa gefen hannu ya ture katunan hotunan Gimbiya daga kan teburin falo, ya ciro wata kwamfuta ya girke.

"Matar Yaya, kin taki sa'a. Zo ki ga alheri."

Baƙa ce wuluk, mai jan zane a baya, gefe da gefe duk ramuka kamar haƙarƙarin kifi. Cajarta kaɗai ta kai bulo. Da ya buɗe ta, fitilun madannan suka kama, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore, yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan.

"Kai!" in ji maigidan, ya matso da kujera. Mutumin kirki ne, direban motar kaya mai haƙuri, amma in ƙaninsa ya buɗe baki sai ya koma kamar baƙo a gaban mai rufa-ido.

Maman Gimbiya ta durƙusa tana tsince katunan. Hoton kaza, hoton mota, hoton kofi. Ta jera su yadda malama ta ce a jera, ta sa a aljihun riga.

Injiniya ya shiga zuba lambobi: ƙwaƙwalwarta kaza ce, saurinta kaza, ma'ajiyarta za ta haɗiye fim dubu ba ta yi gyatsa ba. Ita dai kallonsa take. A kantin maganin da take aiki ta saba da irinsa, 'yan tallan kamfani masu jaka da ƙamshin turare, masu karanta maka rubutun jikin kwali kamar su suka ƙirƙiro shi. Ka tambaye su ko yaro ɗan shekara biyu zai iya sha, sai ka ga sun fara lalube a waya.

"Ta wani abokina ce, tafiya ta kama shi," in ji Injiniya. "Rabin kuɗinta ya ce a bayar, don ni ne. Wallahi ko ɓarawo ba zai sayar miki a haka ba."

Fuskar kwamfutar ta gama buɗewa. A tsakiya ga hoton wani cikin baƙin tabarau, ya harɗe hannuwa, an rubuta Sarkin Yaƙi a ƙasa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Abokin nan naka kamarku ɗaya. Har tabon goshin."

"Riƙe masa na yi kwana biyu."

"Har hotonka ka riƙe masa. Kana da kirki, Injiniya."

Maigidan ya yi dariya, sannan ya tuna ɓangaren da yake, ya gyara murya. "Maman Gimbiya, ko ma ta wace ce, kin ga kaya ai. Irin wannan sai ta kai yarinyar nan jami'a."

"Bari ta fara kai ta Talata tukuna."

"Matsalar mata ke nan," in ji Injiniya, yana kallon yayansa. "A kawo musu doki, su ce ina jakin."

"In ruwa za ka ɗebo, ai jakin ya fi," ta ce. "Baban Gimbiya, don Allah ɗauki wayarka ka shiga ɗaki, ka ja ƙofa, ka kira mu ta bidiyo. Kai ne malama yau."

"Haba, sai an yi wannan?"

"Ko takalmi sai an gwada."

Ya tashi yana gunaguni. Ta je ta ɗauko Gimbiya daga bakin taga, inda take jera murafan kwalba, ta zaunar da ita a cinyarta daidai gaban kwamfutar, ta duba na'urorin kunnenta duka biyu suna aiki. Injiniya ya haɗa kiran yana latsa madannai da ƙarfi, don a san ba yau ya fara ba.

Fuskar maigidan ta cika allon, babba, har ana ganin inda reza ta tsallake a haɓarsa. Maman Gimbiya ta ji zuciyarta ta ɗan sassauta. Gaskiya hoton ya fito tas. Da ƙyar ta hana kanta faɗin haka.

"Kin gani?" in ji Injiniya. "Kamar ki taɓa shi."

"Ni fa ban ga komai ba!" muryar maigidan ta fito ta kwamfutar, ta kuma fito ta bayan ƙofa. "Baƙi ƙirin nake gani. Kun kunna kuwa?"

Injiniya ya latsa nan, ya latsa can. Ya buɗe wani shafi ya rufe. Ya ce intanet ɗin gidan ne ba shi da ƙarfi. Ita kuwa ta miƙa ɗan yatsa ta shafa saman allon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sumul, babu ko ɗigo.

"Ina kyamarar?"

"Tana nan."

"Nuna min."

Ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, har ya ɗaga kwamfutar ya duba gindinta. Shekara nawa yana kwana a gabanta yana harbin mutanen bogi, bai taɓa lura ba.

"To, ai manyan laftof irin wannan ba a cika sa musu ba," ya ce a ƙarshe. "Ƙananan abubuwa ne. Sai a sayi ta maƙalawa."

"Wato in sayi mota, sannan in je neman taya."

Kafin ya amsa, fankar cikinta ta tashi. Da farko kamar tukunya ta fara tafasa, can sai ta koma kamar injin niƙa a maƙwabta. Iska mai zafi ta busa ta gefe har takardar da ke kan teburin ta motsa. Gimbiya ta ƙanƙame kafaɗu. Na'urar ji ba ta san muryar uba daban, ƙarar inji daban ba, duk abin da ta samu ƙara shi take ta zuba a kunne. A allo uban yana ta buɗe baki, "Ba-ba. Gimbiya, ce ba-ba." Yarinyar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta sa hannu ta fizge na'urar dama, ta fizge ta hagu, ta ajiye su a cinyar uwarta, ta koma bin fitilun madannan da ɗan yatsa.

"Fitilun ana kashe su," in ji Injiniya da sauri.

"Fankar fa?"

"Wannan ai alamar ƙarfi ce. Kuma tsakani da Allah, matar Yaya, ita da ba ji take ba, ina ruwanta da ƙarar fanka?"



Maman Gimbiya ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗauki na'urorin biyu, ta goge su da bakin mayafinta, ta sa a akwatinsu ta rufe. Sannan ta juyo da Gimbiya ta kwantar da fuskarta a ƙirjinta, ta dafe ƙeyarta da tafin hannu, domin yarinyar ta fara iya karanta leɓe, kuma akwai abin da bai kamata ta koya daga bakin uwarta ba.

"Injiniya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "yarinyar nan kullum sai ta yi minti arba'in tana kallon bakin mutum don ta kama harafi ɗaya. Kai shekara talatin kana da kunnuwa biyu lafiyayyu, ban ga abin da ka tsinta da su ba. Kana son sabon abin wasa, ka rasa wanda zai ɗauke maka tsohon, sai ka tuna ɗan'uwanka yana da 'ya mai lalura. Ka ce a ranka, ga kasuwa ta buɗe. Naɗe igiyarka."

"Yaya!" ya ɗaga murya. "Ka zo ka ji abin da matarka..."

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Kyamara ce kwamfutar ba ta da ita, abin ɗaukar maganarta lafiyarsa lau. Maigidan ya fito da waya a hannu, bai kalli kowa ba, ya sa yatsu biyu ya rufe murfin. Fankar ta yi ta kuka a ciki kafin ta haƙura.

"Na ji," ya ce. "Duka na ji."

"Amma Yaya, ka riga ka ce min an gama magana. Ni har na ce wa mai shago ya ajiye min..." Ya datse bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

"Abokin naka ya fasa tafiyar ke nan," in ji Maman Gimbiya.

Ya tattara kayansa. Cajar ta ƙi shiga jaka, ya fita da ita a hammata, igiyar tana jan ƙasa a bayansa.

Ba ta jira Litinin ba. Da la'asar ta kama hannun Gimbiya suka nufi layin masu sayar da kwamfuta, inda kowane shago ya fito da lasifika bakin ƙofa. Ta wuce masu kiɗa, ta shiga wani na can ƙarshe. Mai shagon dattijo ne mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya dube ta, ya dubi jakarta, ya jawo wata siririya mai ƙyalli.

"Madam, wannan ita mata ke yayi."

"Ba yayi na zo saya ba. Kunna min waɗancan ukun."

Ta kara kunne a jikin kowacce kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci. Ta farko tana huci, ta ture ta. Ta biyu kyamararta ta mai da fuskar Gimbiya kamar an shafa mata toka. Ta ukun launin toka ce, mai kauri, da ƙarce a murfi da shatin takardar wani ofis da aka ɓamɓare. Shiru take kamar ba a kunna ta ba.

"Wannan ta 'yan ofis ce," in ji mai shagon, yana taɓe baki. "Ko wasan yara ba ta ɗauka. Kunya ma za ki ji ki fito da ita cikin mutane."

"Ba cikin mutane za ta ba. Baba, taimaka min da abu ɗaya. Riƙe wayata ka fita bakin ƙofa, ka kalle ta, ka ce fa."

"In ce me?"

"Fa. A hankali. Ka ciji leɓenka na ƙasa."

Ya dube ta kamar ta ce ya yi rawa. Amma ciniki ciniki ne. Ya fita, ya tsaya a rana, maƙwabtansa suka fara leƙowa. Ta haɗa kiran bidiyo tsakanin wayar da kwamfutar, ta mayar wa Gimbiya na'urorinta, ta ɗora ta kan kujerar shagon. Fuskar dattijon ta bayyana a allo.

"Fa," ya ce, rai a ɓace.

"Baba, gashin bakin ya rufe. Ɗaga shi."

Masu shagon kusa suka fashe da dariya. Dattijon ya rantse ba a taɓa yi masa irin wannan ba tun da ya fara kasuwa, sannan ya sa yatsa ya ɗage gashin, haƙoransa na sama suka sauka kan leɓe.

"Fffa."

Gimbiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ba ta kai hannu kunne ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tura leɓenta ƙarƙashin haƙora, ta hura. Iska ce kawai ta fito, da ɗan yawu a kan allon.

"Sake, Baba," in ji uwar, ba ta ko waiwaya ba. "Sau biyar. In ta kama, ka rubuta min rasit, ka sa cewa in fankar ta yi kuka cikin sati guda zan dawo maka da ita."

A bakin ƙofa dattijon ya gyara tsayuwa, ya daka wa masu dariya tsawa su yi masa shiru yarinya tana karatu, ya sake ɗage gashin bakinsa.