Igiyar Keken Goggo Tela

"Ba zan cire ba," in ji Malama. "Ni na sa, kuma ba zan cire ba."

Direba ya tokare bakin ƙofar ɗakin uwarsa, makullin mota a hannu, yana huci. Shi ne babban ɗan Goggo Tela, kuma ba a saba ya maimaita magana a gidan nan ba. Malama kuwa 'yar maƙwabta ce, katanga ta raba su, tana koyarwa a firamare. Ta tsaya gaban keken ɗinkin kamar an dasa ta.

"Ke likita ce?"

"A'a, Yaya."

"To likita ya ce ta huta. Ya ce damuwa ce ke ƙara mata hawan jini. Na cire igiyar keken don ta huta, ke kin je kin sayo wata. Bokon naki kenan?"

Goggo ba ta ko ɗago kai ba. Ta lashi bakin zare, ta zura a allura.

"Ku matsa mini daga haske," ta ce. "Tagar guda ce, kun tare ta da faɗa."

Direba ya yi ƙwafa ya fice.

Abin da bai sani ba, Malama ta sani, don da idonta ta gani. Tun tana ƙarama akwai doka a gidan Goggo wadda ba wanda ya taɓa furtawa: in keke na gudu, ba a yi mata magana. Ƙarar ba ta bari a ji, kuma kowa na tsoron ta karkace ɗinkin mutane ta ɗora masa laifi. Ranar da aka cire igiyar, ranar dokar ta faɗi. Goggo ta zama "tana zaune." Suruka ta miƙo mata jariri, tunda tana zaune. 'Yarta ta kira a waya ta yi kukan mijinta har wayar ta yi zafi. Auta, wanda aka sallama daga aiki, ya mayar da gefen gadonta wurin zaginsa ga shugaban kamfanin. Maigida daga ɗakinsa ya kira ruwa, ya kira tabarau, ya kira a canza masa tasha. Masu dubiya suka cika tabarma, kowace da labarin wadda irin wannan ciwo ya kashe. In za su tashi sai su dafa ta su ce, "Goggo, ki rage tunani."

Wata rana da la'asar Malama ta leƙo, ta tarar da ita gaban keken, ƙafarta na takawa, ƙasan keken na motsi, allura tsaye cik.

"Goggo, me kike yi?"

"'Yar nan, kaina ya cika," ta ce a hankali. "Da, in na hau keken nan, layin ɗinki kaɗai nake gani. Ba ɗa, ba miji, ba suruka. Yanzu sun ce in huta, sun zaunar da ni a tsakiyarsu. Ko banɗaki na shiga sai an buga."

Washegari Malama ta biya kasuwa daga makaranta.

Bayan faɗanta da Direba sai ta ƙara da abin da ya fi ba mutanen gidan haushi. In ta taso daga aiki, ko alli ba ta wanke daga hannu ba, sai ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofar Goggo, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Tana hutawa," take ce wa duk wanda ya zo.

"Hutawa? Ga keke na ihu?" in ji suruka, jariri a kafaɗa.

"Haka nata hutun yake, Anti. Kawo shi nan, ni ma ina da cinya."

Daga ciki Goggo takan yi dariya. "Soja aka ajiye mini! Wanda zai aure ki, 'yar nan, sai ya sayi hular kwano."

Ba wani ɗinkin kirki take yi ba. Ƙyallaye take haɗawa, ja da shuɗi da mai fure, ta ɗinke, ta warware, ta sake. Amma gira ta saki, har waƙa take yi a ƙasan maƙoshi. Sai dai ƙafafunta na kumbura, kuma in ta miƙe takan riƙe bango. Malama na ganin wannan ma. Takan ce, "Goggo, ya isa na yau, kin sha maganin?" Goggo ta ce, "Bari in kai ƙarshen layin nan." Layin kuwa ba ya ƙarewa sai an kira magariba. Da Malama ta tafi, gidan sai ya sake rufto wa Goggo.

Ranar da abin ya faru Malama na makaranta. Da ta shigo layinsu da rana sai ta hango takalma jibge a ƙofar gidan Goggo. Suruka ce ta fara gani, da ta shiga karɓar almakashi: Goggo ta kifa kai a kan keken, kumatu bisa ƙyalle mai fure, zaren a yanke tsaf, an gama layin.

A tsakar gida, cikin masu ta'aziyya, Direba ya dube ta da jajayen idanu.

"Malama likita," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ta huta yanzu. Hankalinki ya kwanta?"

Kowa ya ji. Ba wanda ya ce masa ya bari.

A gida uwarta ta kama hannunta. "Ki je ki durƙusa masa. Ki ce kin yi kuskure, yarinta ce. Kalma ɗaya, a wuce wurin. Da mutanen nan za mu zauna har mu mutu."

"Zan yi masa gaisuwa, Umma, uwarsa ce. Amma ban yi kuskure ba."

"Kin tabbata?"

Malama ba ta tabbata ba. Wataƙila keken ya rage wa Goggo kwana, wataƙila shi ya ƙara mata waɗanda ta samu. Ba likitan da zai iya raba mata wannan, kuma da shi za ta zauna. Abin da ta sani kawai, ta ji matar tana waƙa. Ta je ta yi gaisuwar, ba ta faɗi kalmar ba.

Ta kuwa ɗanɗana kuɗarta. Gidan Goggo suka daina amsa sallamarta. Matan layin suka janye 'ya'yansu daga karatun yamma da take yi musu a barandar gidansu. Uwarta ta koma zagayawa ta bayan layi in za ta unguwa, don kada ta haɗu da suruka.

Duk da haka, da la'asar takan shimfiɗa tabarmar a baranda, ta jingina ƙaramin allo da bango, ta rubuta darasin ranar. Sai ta zauna ita kaɗai har inuwa ta rufe rubutun, ta tashi ta goge.