Fuskar Bana Kaluba a Bango

Shekara tara Nkandu Chisala ta yi tana tsara fastoci a garin Kitwe kafin ta yi wadda ta fi kowacce kyau, kuma ita ce wadda har yau ba ta son a yi zancenta a gabanta.

Shagonta ɗan tsukuku ne a bayan tashar mota, kwamfuta ɗaya, kujera biyu. Yawancin aikinta katin biki ne da takardar jana'iza da kalandar coci. Amma ranta ya fi kwanciya da aikin wayar da kai, don mahaifinta tarin fuka ne ya kashe shi. Ma'aikacin ramin tagulla ne, ya ɓoye ciwon shekara guda saboda kunya, sai da jini ya fara fita aka kai shi asibiti, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Saboda haka ranar da Ba Simukonda (a can "Ba" laƙabin girmamawa ne), jami'in wata ƙungiya mai yaƙi da cutar, ya shigo shagonta da aiki, ba ta ko tsaya ciniki ba.

"Mun gaji da zanen huhu, Ba Nkandu," in ji shi. "Mutane sun saba da shi kamar hoton mikiya a jikin takardar kuɗin kwacha. Mutum muke so mai rai, wanda ya sha magani ya tashi."

Ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwar Chamboli ce ta haɗa su da Bana Kaluba, wato uwar Kaluba a harshen can. Mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, gwauruwa, tana sayar da nshima, wato tuwon masara, da ƙananan kifin kapenta da wake a kasuwar unguwar. Wata shida ta yi tana shan magani ba ta tsallake rana ɗaya ba, aka gwada ta aka ce ta warke sarai. Masu tasowa daga ramin tagulla kuwa ba su da wurin cin abinci sai rumfarta, benci uku amma kullum sai wasu sun ci a tsaye.

Da Nkandu ta je da kyamara, ta tarar matar ta ɗauro zanenta na zuwa coci.

"Ni za a ɗauka, da wannan hancin?" Bana Kaluba ta ce tana dariya. "'Yata, in kyamararki ta fashe babu ruwana."

Wani mai cin abinci ya ce a sa shi ma a hoton, ta ce masa ya fara wanke wuyansa tukuna. Hoto arba'in Nkandu ta ɗauka, kusan duka matar na dariya ko tana tuƙa nshima. Guda ɗaya ne ya bambanta. Iska ta juyo da hayaƙin gawayi ya shige mata ido da maƙogwaro, ta kau da kai tana tari, hannu a ƙirji, Nkandu kuwa ta danna ba da niyya ba.

Aka ba Bana Kaluba takardar amincewa ta sa hannu. Kafin ta miƙa biron ta tambaya, "Me za ki rubuta a jiki?"

"Cewa kin warke, mayo," in ji Nkandu, yadda ake kiran uwa a can.

"To ki rubuta da manyan baƙaƙe. Akwai masu taurin kai a nan da nake so su gani."

Haka Nkandu ta yi da fari. Fuska mai fara'a, tukwane a baya, a sama an rubuta NA WARKE. Da ta kai wa 'yan ƙungiyar, suka duba, can wata a cikinsu ta ce ya yi kama da tallan man girki. Aka yi dariya. Abin ya sosa wa Nkandu rai, musamman da yake ita ma a zuciyarta ta san gaskiya ne: mutum zai wuce fastar bai waiwaya ba.

Ba wanda ya ce ta taɓa hoton hayaƙin. Ita ta koma shago ta buɗe shi da kanta. Ta cire launinsa ya koma fari da baƙi. Ta share tukwanen da bencin da ke baya, ta ƙara duhu a ƙarƙashin idanu da ramin kumatu. A sama ta shimfiɗa jan rubutu, TARIN FUKA YANA KISA. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ta sa cewa Bana Kaluba ta sha magani ta warke, kai ma je a gwada ka. Da ta ja baya ta duba, sai ta ga fuskar mahaifinta a watansa na ƙarshe. Ta san wannan kam ba mai wuce ta.

Ta yi niyyar kai wa matar ta gani kafin a buga. Damina ce, ga aikin biki biyu a gabanta, ga Chamboli da nisa. Ta ce gobe, goben ta zama jibi, har aka buga dubu biyu, aka kuma kafa wani ƙaton allo a mararrabar shiga kasuwa.

Yabo ya yi ta zuwa. Bayan mako uku ta sa guda a firam, ta hau ƙaramar bas ta nufi Chamboli don ta kai wa mai hoton kyauta.

Tsakar rana ce, lokacin da rumfar kan cika. Ta tarar da benci uku babu kowa. Tukunya ɗaya ce a kan wuta, ita ma ƙarama. Rumfar da ke kusa kuwa har layi ake yi. Bana Kaluba na zaune ta zuba tagumi, ta ga Nkandu, ta ga abin da ke hannunta, ba ta tashi ba.

"Kin kawo mini wani? Ajiye can. Ina da ɗaya a ƙofar gidana, ɗaya a bangon coci."

Nkandu ta tsuguna ta gaishe ta. Ta fara cewa ai an rubuta a ƙasa cewa ta warke.

"A ƙasa," in ji matar. "Mutum ya fito daga rami da yunwa a cikinsa, shi ne zai tsaya ya sunkuya ya karanta ƙananan baƙaƙe? Ja suka gani, suka ga fuskata. Yanzu sunan rumfar nan 'nshima da tari'. Wanda na shekara goma ina zuba wa ƙari, shi ya raɗa mata."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce surukarta ta daina kawo mata jikoki. Ta ce a taron matan coci an ware mata kofi. Lokacin da take da ciwon ma ba a yi mata haka ba, don ba wanda ya sani sai ita da asibiti.

"Kuma yaushe na rame haka? Ni dai na san ranar nan ƙoshi nake. Da me kika yi min wannan ramar?"

Nkandu ta miƙe. Ta fito da firam ɗin a hammata, har ta hau mota ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Washegari ta je wurin Ba Simukonda ta ce a sauke allon, a janye fastocin. Ya saurare ta har ƙarshe, da alama abin ya taɓa shi, amma sai ya juyo mata da wata takarda. Masu zuwa gwaji a asibitocin cikin gari sun ninka tun da aka liƙa fastar.

"Waɗannan rayuka ne, Ba Nkandu. Ɗaya daga cikinsu wataƙila uban wata ne. Matar kuma ta sa hannu."

"Ba a kan wannan hoton ta sa ba."

"Ba ni na zaɓe shi ba," ya ce a hankali.

A Chamboli kuwa labarin ya sha bamban. Ma'aikaciyar jinyar ta gaya mata mutum huɗu sun daina zuwa karɓar magani, wai kada a wayi gari a gan su a bango. Ta faɗa ba tare da ta dubi Nkandu ba, tana jera kwalabe.

Nkandu ta rufe shago kwana uku. Ta ɗauki bokiti da wuƙar kankare fenti, ta bi unguwar bango-bango da rana tsaka, mutane na kallonta. Gam ɗin mai kyau ne, ita ta ba da shawarar a yi amfani da shi saboda ruwan sama. A kwana ukun ba ta kankare ɗari ba, farcenta biyu suka karye. Allon mararraba kuwa ko tsani ba ya kai masa.

Sai ta sake dabara. Ta buga fastar farko, mai fara'ar, guda ɗari uku daga aljihunta, ta bi tana liƙawa kusa da duk wadda ta gagara cirewa. Ta ɗan ji sanyi a ranta, har ranar da ta tsaya bayan wasu mata biyu a bakin famfo suna kallon hotunan biyu gefe da gefe.

"Kin gan ta nan da lafiyarta," ɗaya ta ce tana nuna mai dariyar. "Ga kuma yadda ciwon ya mayar da ita. Allah sarki."

Kafin damina ta ɗauke Bana Kaluba ta sayar da tukwanenta da bencinta. Nkandu ta samu labari a makare, ta same ta a tasha an riga an ɗaure kayanta a kan motar Luwingu, can arewa, inda ƙanwar matar take noma. Ta durƙusa a gaban mutane ta roƙi gafara. Matar ta dube ta.

"Tashi, 'yata, kina ɓata zanenki. Na san ba mugunta ba ce. Kin dai ga fuskata ta yi miki daidai da aikinki, kika manta da ita nake fita kasuwa." Ta gyara ƙullin da ke cinyarta. "Can ba wanda ya san ni. Zan fara da ƙaramar tukunya."

Motar ta tashi. Nkandu ta koma shago ta ci gaba da katunan biki.

Wata biyu bayan haka Ba Simukonda ya kira ta cikin murna. Hedkwatar ƙungiyar ta yaba da fastar, an sake buga dubu goma, an rarraba wa asibitoci da kasuwannin lardunan arewa tun makon jiya. Ya ce ya so ya fara gaya mata, aiki ne ya sha kansa.

"Har Luwingu?" ta tambaya.

Ta ji yana buɗe takardu. "Har Luwingu," ya ce, sai a lokacin ya gane can ne Bana Kaluba ta koma.

Ta kira lambar Bana Kaluba a ranar sau shida, ba ta shiga ba. Ta sake gwadawa washegari, da makon da ya biyo baya. A kira na ƙarshe wani namiji ya ɗauka, ya ce shi sabon layi ya saya, bai san wata mai wannan suna ba.