Baƙon da Ya Ƙi Ƙoshi da Shayi

Ruwan da aka tafka a Firisiya ta Gabas, a gaɓar tekun Jamus, a waccan kaka, tsofaffi ma sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba, su da ba sa yarda wani abu ya fi na zamaninsu. Sama ta yi ta zuba ba hutawa. Teku kuma ta cika ta danne ƙofofin ganuwar da ke tare ta, babu halin buɗe su ruwan gonaki ya fita, sai ya juyo ya nufi gidaje. Kowa a ƙauyen ya kwashe nasa ya hau tudun coci, ban da wata tsohuwa, Okka.

'Yan kwana-kwana sun je da safe, ta sallame su ta taga. Ta ce da ƙafarta ta shiga gidan nan ranar aure, ba za ta fita a kafaɗar yaran da aka haifa a gabanta ba. Shi ya sa aka tura Ubbo, ƙanin marigayi mijinta, abokin tsokanarta tun suna da baƙin gashi. Ya tuƙa kwalekwale har bakin ƙofarta, ya kuwa san halinta sarai. In ka ce mata fito, zama za ta gyara.

"Matar Yaya, a shigo?"

"In wa'azi ka kawo, koma da abinka."

"Wane ni. Sanyi ya koro ni. Ko shayin ma ya ƙare a gidan?"

A wannan ƙasa ba a yi wa mace irin wannan tambaya. Okka ta harare shi, ta ɗauko kofunan baƙi masu zanen fure. Ta jefa dunƙulen sukari, ta tsiyaya shayi a kai har ya yi ƙas, ta zuba kirim ɗin madara ta gefe. Ba a motsa shayin Firisiya. Cokalin da ke gefen kofi aikinsa ɗaya ne: idan baƙo ya ƙoshi, ya saka shi a ciki. Muddin bai saka ba, uwar gida za ta yi ta zubawa, ko da gidan ne ke cin wuta.

Kofi uku haƙƙin kowane baƙo ne, Ubbo ya shanye su. Ya turo kofin, cokali na kwance a gefe. Ta zuba. Ya sake turowa. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, silifas ɗinta suka taso suka wuce ta gabansu.

"Kai, cikin naka rijiya ne?"

"Naki ne da daɗi. Na matata kamar an wanke buta."

"Bari in gan ta, sai na faɗa mata."

Gaskiyar magana, Ubbo yana cikin azaba. Mararsa ta cika fam, ga ƙarar ruwa ta ko'ina tana ƙara masa fitina, ga ƙafafunsa sun sandare cikin takalmi. Amma ya dubi tsohuwar nan tana ratsa ruwa har ƙwauri da buta a hannu, siket a tattare, sai ya ƙara ture cokalin nesa da kofi.

Can ruwa ya kai bakin murhun itace. Wutar ta yi cuu, ta mutu. Okka ta karkata buta, ɗigo biyu suka fito. Ta tsaya da ita a hannu, kunya ta rufe ta, don baƙo bai taɓa zama da busasshen kofi a teburinta ba.

"To fa," in ji Ubbo, yana leƙa cikin kofin. "Ko me za a ce a tudu in aka ji? Ga shi can kuwa wuta na ci, da tukunya a kai."

Sai a lokacin ta gane. Ta dire butar.

"Ja'iri. Tun kana yaro haka kake." Muryarta ta sauka. "Ubbo, yayanka ne ya ɗora kowane bulo na gidan nan da hannunsa. In na fita, wa na bar masa?"

"Ina tsaye a kan ganuwa teku ta tafi da Yaya, ban iya komai ba," ya ce. "Har yau abin na cina. Ba zan tsaya in kalli naki ba. In zama za ki yi, tare za mu zauna."

Sannan ta ja tawul ta naɗe kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta sa gwangwanin ganyen shayi a aljihun kwat, ta rungumi buta. Ya miƙa hannu zai tallafe ta, ta doke hannun, ta shiga kwalekwalen da kanta. Ta zauna ta ba gidan baya, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Sun kusa tudu, mutane sun fara ɗaga musu hannu, ta zungure shi da bakin buta.

"In sun tambaya, ba gudu na yi ba. Baƙo gare ni, wutar shayinsa na zo nema."