Jar Hular Gardi

Manzo yana sauke buhunan hatsi a tashar Tanut sa'ad da ƙanwarsa Zalika ta zo ta shaida masa cewa mahaifiyarsu, Inna Asibi, ta ce yau da ita za a je kallon tele. Saura kaɗan buhun ya suɓuce masa.

Tun bara mutanen talabijin suka zo daga Yamai, suka ɗauki wasa a kan wani lebura da iyalinsa a zamanin aikin tilas, lokacin da Nasara ke kwasar mazan nan ƙasar Damargu su fasa hanya. Suka nemi ƙato mai faɗin kafaɗa da zai fito a gardi, wato dogarin Nasara, leburorin tasha kuwa suka tura Manzo gaba suna dariya. Aka ɗora masa jar hula, aka ba shi bulala. Wasan nan ne za a nuna yau. Bai gaya wa Inna ba, domin mahaifinsa da tabon irin bulalar nan a bayansa aka binne shi.

Kuma ta yaya ma zai gaya mata? Shi ne ɗan fari. Tun da ya buɗe ido bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, bai taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tana da magana sai ta juya ga Zalika ta ce a faɗa wa "wancan". Ya san kunya ce ta al'ada, amma abin yana cinsa a rai, yanzu ga shi zai ba ta dalilin kau da kai na gaske.

Bayan magariba aka fito da akwatin tele a filin samariya, dandalin matasa, aka haɗa shi da batirin da ya yini shan rana. Mata suka baje tabarmi a gaba. Manzo ya raɓe a baya, inda yake hango gefen fuskarta.

Aka nuna leburori sun ajiye kwandunan tsakuwa, sun ce ba su ɗauka sai an kawo ruwa. Sai ga Manzo ya cika akwatin, hula a karkace, yana zare ido. Fili ya ɗauki shewa, wata tsohuwa har da tsine masa. Inna ba ta motsa ba. Ta miƙa wuya, ta kafa wa akwatin ido, ba ta ɗauke ba har aka gama.

A hanyar gida Inna da Zalika suna gaba, yana biye da fitila. Can Inna ta yi magana, da Zalika kamar kullum.

"Ashe wancan yana da tabo a gira."

"Inna, ai tun yana yaro, da jaki ya kayar da shi."

"Ni na wanke ciwon. Ban san ya zauna ba." Ta ci gaba da tafiya. "Hancin kuwa na ubansa ne."

Manzo ya tsaya cak. Bulalar da ya yi ta fargaba a kanta, ko ganinta ba ta yi ba.

A bakin zaure ta gyara mayafi, ta ba shi baya.

"Zalika, tambayi wancan, yaushe za su sake nunawa?"