Gulma Ba Ta da Baƙo

Ɗanmusa ba irin dillalan nan ba ne da ke kwaso 'yan ƙwadago kamar buhunan albasa su zube su a fadama. Da zai ɗauko Arzika aikin shinkafa daga wani ƙauye can bayan Gaya ta ƙetaren iyaka, sai da ya durƙusa gaban uwarsa Hure, ya yi mata alkawarin shi da kansa zai maido mata ɗanta. Suna isowa garinmu Gulma ya kai shi Birnin Kebbi aka yi masa takardar zama.

To amma takardar gwamnati ba ta da alƙibla. Ran nan rediyo ya ce dokar ta sake, baƙi su tattara su fita, wanda ya ɓoye su kuma ya kuka da kansa. Arzika ya ce ba zai bar shinkafarsa tana fitar da kai ba. Mutanen Gulma suka haɗa baki: duk wanda ya tambaya, garin nan ba baƙo. Har yara aka koya wa, suka haddace kamar karatun allo. Jami'ai suka zo da motarsu, suka koma a banza, muka sha dariya.

Da damina kwalekwale ya kife da Arzika a gulbi. Aka binne shi bayan gari. Lokacin an rufe iyaka, Ɗanmusa ya rasa ta inda zai kai labari, yana ta ramewa.

Bayan an buɗe iyaka, wata ranar kasuwar Argungu da maza suka watse, wata tsohuwa ta shigo gari da ƙunshinta a ka. Hure ce, amma wa ya san ta? Arzika ɗan farinta ne, kunya ba za ta bar ta ta ambaci sunansa ba, balle ta ce ita ta haife shi. Sai tambaya take ko an san wani yaro da aka ɗauko daga ƙetare. Matan da ke sussuka suka kalli juna, suka ce ba su san shi ba. Yara ma haka.

Ta isa gidan Ɗanmusa, ta tarar da matarsa Riskuwa. Ita kuwa Riskuwa ta sha jin ana turo irin waɗannan tsofaffi su bugi cikin mutane. Ta dama mata fura, ta shimfiɗa mata tabarma, sannan ta ce yaron da ake nufi bai taɓa kwana garin nan ba.

Tsohuwa ta sauke ajiyar zuciya. "Na gode Allah. Mahwalki niy yi an ruhe shi garin ga. Tun da ba ku san shi ba, shina raye wani wuri."

Ta ɗauki ƙunshinta ta fita, ta bi ta gefen maƙabarta.

Da Ɗanmusa ya dawo ya ji kamanninta, ko hularsa bai cire ba ya koma tasha. Ya je har ƙauyensu, aka ce ba ta dawo ba. Aka ce an gan ta Augie tana leƙa gonakin albasa. Aka ce Gwadangaji, wajen masu gini. Duk inda ya isa, jiya ta wuce.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kowa ke kwatanta ta. Wai tsohuwa ce mai fara'a, ga ta da tsarabar ƙuli a ƙulle a gefen zane, ta ce ta yaron ce.